Rudun Albasar da Na Sa wa Kwaɗo

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane da kaina, na shimfiɗa musu tabarmi, na sayo musu lemo mai sanyi da kuɗin aljihuna, don kawai su zo su kalli yadda zan sha kunya. Ba wanda ya ja ni. Ni na sa rana, ni na bi gida gida ina gayyata, har da cewa kowa ya zo da wuri kada ya rasa wurin zama.

Mu mutanen Aliero ne, kuma in ka ce Aliero ka ce albasa. Da ita aka yi mini suna, da ita aka biya mini makaranta tun daga firamare har jami'a. Baba yana noma tasa a fadamarmu ta wajen Kashin Zama, sannan yana saye a hannun ƙananan manoma, daga nan har Liba ta ƙasar Maiyama, garin su Inna. In an cire ta da bazara ba ta da daraja, kowa na da ita. Sai a zuba ta a rudu a jira. Rudu, ga wanda bai sani ba, wani dogon gado ne na itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa, a kewaye shi da zana, a yi masa rufin ciyawa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta gefe. Can cikin damina, in albasa ta yi wuya a kasuwa, sai a buɗe a cika buhuna a kai Jega, manyan motoci su kwashe zuwa kudu. Haka na taso na gani, kuma har yau in na ji ƙanshin busasshen ɓawon albasa da rana ta dake shi, sai in ji kamar Baba zai ƙwala mini kira.

To, sai na gama digiri a fannin kasuwanci na dawo gida da kwamfuta a jaka da kai a kumbure. (Ku yi mini uzuri, shekarata ashirin da huɗu a lokacin, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya sa doguwar rigar nan da hula mai tunku.) A makaranta an koya mana cewa duk hanyar da kaya ke bi, daga gona har hannun mai saye, ana iya auna ta da kuɗi. Nawa kowane buhu ya ci a mota? Nawa ya ci a ajiya? Kwana nawa kuɗinka ke yi a waje kafin su dawo hannunka? Kaya nawa suka salwanta a hanya? Na haddace waɗannan tambayoyi kamar karatun allo. Ko tuwo aka kawo mini sai na ji ina son in lissafa nawa kowace loma ta tsaya. Kafin wata guda gari ya sa mini suna Akanta, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Kuma don Allah kada ku ce ban tsinana komai ba. Na lura Baba yana ɗaukar mota zuwa Jega ko da rabi ce ta cika, kuɗin kuwa ɗaya ne. Na haɗa shi da maƙwabta biyu suka riƙa cika mota tare, kuɗin dako a kan kowane buhu ya sauka. Na kuma lura wasu masu saye kan riƙe mana kuɗi har sati shida, na lallaɓa aka koma rabi a hannu, rabi bayan sati biyu. Ranar da Baba ya ga bambancin, ya dube ni ya ce, "Ashe dai kuɗin makarantar ga ba su tahi a banza ba." Wayyo, da ma bai faɗa ba. Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, ina neman abu na gaba da zan gyara.

Abu na gaban kuwa shi ne Bappa Dikko.

Bappa Dikko Bafillace ne, dattijo siriri mai malafa da tsohon keke, wanda ya bar kiwo tun kafin a haife ni ya zauna a Kashin Zama. Ba mu haɗa jini ba, amma Bappa muka taso muna ce masa. Aikinsa duba rudu. Kowace Laraba zai zo da hantsi, ya jingine kekensa, ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin rudu ya shaƙa. Sai ya miƙe ya zagaya, ya zura hannu har kafaɗa a wani wuri da ni ban ga abin da ya bambanta shi da sauran ba, ya zaro albasa. A ido lafiya lau take. Ya danna wuyanta da babban yatsa, sai ka ga ta lotsa. Ya jefa ta gefe. Haka zai yi ta yi, yana juya na ƙasa zuwa sama, har ya tara kwando ɗaya ko biyu na zubarwa. Da muna yara yakan gasa mana masu ɗan dama a toka, mu ci da gishiri muna ƙona baki. In ya gama Baba ya sallame shi, su sha fura tare a gindin darbejiya, ya hau kekensa.

Da na zuba lissafin ajiya a kwamfuta, sai na ga wani abu da ya sa na miƙe tsaye. Kowace Laraba abu biyu ke faruwa: kuɗi su fita, kaya su ragu. Sauran kwana shida ba abin da ke motsi. Ranar da Bappa ya zo kaɗai muke asara! Wato muna biyan mutum don ya zubar mana da dukiya. Na shafa wa layin Laraba jan launi, na zauna ina mamakin yadda shekara talatin ba wanda ya gano haka sai ni.

Na sami Baba bayan la'asar na juya masa kwamfutar. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To mi kaka so a yi?"

"A sallami Bappa," na ce. "Albasar da yake zubarwa, Baba, rabinta za ta sayu. Ga kuɗin da ake ba shi. In ka haɗa su a wata huɗu, ai riba ce muke watsarwa."

"Wadda shika zubarwa ta mutu, ɗana."

"A ido dai ban ga ta mutu ba."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. A wajen akwai abokansa biyu, kuma ni da gangan na zaɓi lokacin da suke nan. Can ya ce, "Rudu uku gare mu bana. Na can ƙarshen gona, ɗauki, naka na. Yi mishi yadda boko yac ce, ba ni sa maka baki. Ran da anka buɗe, in naka ya hi nawa, na bar maka kasuwar duka in zauna gida. In bai hi ba, ka ɗauki takardunka ka tahi Birnin Kebbi neman aikin ofis, ka bar muna albasarmu."

Na ce na yarda, da sauri, kada ya sake shawara. Gaskiyar magana ba na son aikin ofis. Wannan sana'ar nake so, kuma abin da na fi so a duniya shi ne Baba ya miƙa mini ita da hannunsa a gaban mutane.

Larabar da ta biyo na tare Bappa kafin ya ƙarasa ruduna. Har yau in na tuna yadda na yi masa magana sai in ji kamar in nutse. Na gaishe shi a tsaye, hannu a aljihu. Na ce daga yau wannan rudun ba ya buƙatar dubawa, an shigo da sabon tsari. Ya dube ni, ya dubi rudun, ya ce, "To, Akanta. Allah shi ba da sa'a." Ya juya kekensa. Ko ɓacin rai ban gani a fuskarsa ba, ni kuma na ɗauka ya gane na fi shi gaskiya ne.

Daga nan na shiga gyare-gyare. Na ga ruwan sama na iya fesowa ta gefe, sai na sayo babbar leda baƙa na naɗe rudun da ita tun daga rufi har ƙasa, na ɗaure tam, ko iska ba ta samun hanya. Sannan don kada wani ya zo ya zubar mini da kaya a ɓoye, na sa kafinta ya yi wa rudun 'yar ƙofa ta katako, na maƙala kwaɗo. (E, kwaɗo. A jikin zana. Wanda ko akuya ta ga dama za ta ratsa ta gefensa.) Duk sati nakan zo a babur in tsaya daga nesa in ɗauki hoto da waya, in koma gida in rubuta: kuɗin ajiya, babu, kayan da suka salwanta, babu. Rudun Baba guda biyu kuwa kullum suna raguwa, layinsu ja wur. Nawa kore shar tun daga sama har ƙasa.

Damina ta kankama. Wata rana Bappa ya same ni a bakin masallaci ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa don kada wani ya ji. "Ɗana, ko ledar nan kaɗai ka kwance. Albasa numfashi takai." Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, na ce masa kada ya damu, komai yana cikin lissafi. Inna ma ta ce matan da ke wucewa ta wajen sun ce suna jin wani abu. Ni kaina na ji. Amma maƙwabcinmu ya zuba takin kaji a gonarsa, sai na ɗora masa laifin, har na yi niyyar in yi masa magana a kan tsafta.

Da farashi ya hau, Baba ya buɗe nasa biyun aka auna, aka san abin da suka bayar. Saura nawa. A takarda na riga na cinye gasar da tazara mai nisa, don haka na ga bai kamata irin wannan nasara ta wuce a ɓoye ba. Na je har unguwar Firchin a Jega na gayyato Alhaji Mamman, babban mai sayen kayan Baba, mutum mai ƙiba da barkwanci. Na gayyato dillalai da manoman unguwa, na ce akwai darasi da za a koya kyauta. Na kai lissafina shago aka buga mini shi a babbar takarda mai launi. Na sa farar shaddata ta Sallah da sabon takalmi. Inna ta ce, "Gona za ka ko ɗaurin aure?" Na ce ai ranar ta fi ɗaurin aure.

Mutum ya kai talatin a kan tabarmi da hantsin nan. Baba na zaune a gefe. Bappa Dikko ban gayyace shi ba, amma na hango shi can baya a jingine da kekensa. Na manna takardata a jikin ƙofar rudun, na ɗauki kara ina nunawa. Na yi bayanin kuɗin ajiya a kan kowane buhu. Na yi bayanin asara da yadda ake kashe ta. Na nuna jan layi na ce wannan tsohon tsari ne, na nuna kore na ce wannan shi ne gobe. Na ce buhu tamanin na zuba, buhu tamanin zan fitar, ko ƙwaya ɗaya ba a zubar ba. Ina magana ina ganin wasu suna ta kora ƙuda, wani dillali ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Na ce a yi haƙuri, takin maƙwabci ne.

Alhaji Mamman ya ce, "Akanta, bayani ya yi kyau. Amma ni ba takarda nika lodawa a mota ba. Buɗe mu gani."

Na zaro makulli na ɗaga shi sama kowa ya gani, na buɗe kwaɗon, leburori suka yaye ledar.

Jama'a, akwai wari, akwai kuma abin da ya fito daga rudun nan. Wani zafi ne ya fara bugo mu, sannan warin ya biyo baya. Mutanen layin gaba suka miƙe a tare ba wanda ya ce su tashi. Wani ya ce, "Inna lillahi!" Wani ya tofar da lemon da na saya masa.

Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma na sama sama sun bushe, jajaye, kyawawa, ga su nan kowa na gani. Sai na ce da ƙarfi, "Ƙwaya biyu uku ne suka lalace a gefe, bari in nuna muku na tsakiya!" Na tattare shaddata na taka na haye.

Taku na farko ya riƙe ni. Na biyu ƙafata ta burma har gwiwa cikin wani abu mai ɗumi da santsi kamar kunun da ya kwana. Na yi ƙoƙarin zarowa, ɗayar ma ta bi. Karan da ke ƙasa ya riga ya ruɓe da ruwan da ke tsiyaya wata da watanni, sai kawai na ji ƙasan rudun ya buɗe. Na sulale ta ciki na faɗo ƙarƙashi a zaune, albasa ta biyo ni ta rufe ni har ƙirji, baƙin ruwa na zuba a kan hulata. Takardar lissafina ta ɓalle ta sauko a hankali ta kwanta kusa da ni, koren layin yana sama.

Kowa ya leƙo yana kallona. Sai muryar Alhaji Mamman: "To, ga buhu ɗaya ya hito. Saura saba'in da tara."

Wallahi ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dattawa masu furfura suna riƙe ciki, wani dillali har da durƙusawa. Leburori biyu suka jawo ni ta hammata, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki, kuma har yau ba a gan shi ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na share ido na dubi Baba, ba ya dariya. Yana kallon albasar ne kawai. Wahalar shekara guda ce ta ruɓe a gabansa, kashi ɗaya cikin uku na abin da gidanmu zai ci, kuma ya riƙe alkawarinsa bai sa baki ba. Na so ƙasa ta tsage a lokacin.

Ban ga sanda Bappa ya matso ba. Na dai ga ya cire malafarsa ya rataya, ya naɗe hannun riga, ya ce wa leburori su kawo tabarmin da aka zauna a kai su shimfiɗa a rana. Ko kallon na-faɗa-maka bai yi mini ba. Ya fara tsamo albasa yana dannawa, wannan dama, wannan hagu. Can ya ɗago ya ce, "Akanta, tsayuwa kakai? Taho nan, kawo yatsanka." Ya kama babban yatsana ya ɗora a wuyan wata albasa. "Ka ji? Wagga ta tahi. Ɗaya irinta in ta kwana bakwai cikin 'yan uwanta, goma za ta ja." Haka muka wuni, ni da shaddata mai wari da takalmi ɗaya. Da yamma buhu goma sha tara muka tsirar.

Washegari na fara haɗa takarduna, don alkawari alkawari ne. Ina cikin ɗaki na jiyo muryar Bappa a zaure yana ce wa Baba, "Alhaji, ina za ka tura shi? Duk garin ga ba wanda ya san cikin rudu kamar shi, shi da ya shiga har wuya. Ba ni shi shekara guda." Na ji Baba ya yi dariya, ta farko tun jiya. Ya ce to, amma da sharaɗi: kowace Laraba ni zan riƙa ɗaukar wa Bappa kwando.

Shekara uku na ɗauki kwandon nan, ba ɗaya ba, don na biyun da na ukun ni na roƙa. Na so in biya shi kuɗin Larabobin da na hana shi aiki, ya ƙi karɓa, ya ce in duba na'urata, ai ta nuna bai zo ba. Sai bayan rasuwarsa, muna zaman makoki, Baba ya gaya mini cewa ashe Bappa ya riƙa zuwa. Duk sati in ya gama da rudun Baba, sai ya taka har ƙarshen gona ya tsaya a gaban kwaɗona ya shaƙa, ya dawo ya ce a bari ya yage ledar. Baba ya ce a'a, ya yi wa yaro alkawari. Sati goma sha huɗu yana zuwa yana tsayawa a ƙofar da na rufe don shi. A wajen makokin na yi kukan da ban yi ba ranar da na faɗa rudu.

Yanzu Baba ya tsufa yana gida, kasuwar tana hannuna. Ban jefar da kwamfuta ba, har yanzu ina auna kuɗin mota da na ajiya da kwanakin da kuɗi ke yi a waje, kuma suna taimakona sosai. Layin Laraba ma yana nan da jan launinsa, sai dai yanzu in sati ya wuce ban ga an zubar da komai ba, hankalina tashi yake, in hau babur in tafi gona. Abin da na koya ke nan: lissafi ba ya ƙarya, amma abin da ka ba shi kaɗai ya sani, kuma ba shi da hanci.

Alhaji Mamman har gobe in na shiga Jega sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga buhu ɗaya nan ya iso!" Ina dariya in wuce. Kwaɗon kuwa yana rataye a ƙusa a shagona. Kowace Laraba da hantsi nakan dube shi, in ɗauki kwando, in je in durƙusa a gindin rudu in cusa kaina ƙasa, yadda Bappa ya koya mini.